Gidan Makama: Gidan da Mai Shi Ya Tashi

Ranar da na fara taka Gidan Makama, ba dominsa muka je Kano ba. Kawuna ne zai sari atamfa da shadda a Kantin Kwari, ya ɗauke ni in riƙe masa jaka. Mun baro Wonaka da asuba, muka hau mota a Gusau, muka bi ta Kwatarkwashi da Tsafe, muka ratsa Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, ba mu shiga birni ba sai da la'asar ta yi sanyi. Washegari da aka gama ciniki aka ɗaure kaya, na roƙe shi mu leƙa gidan tarihin da malaminmu ya sha ba mu labarinsa a aji. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, mi za mu gani ga gidan da mai shi yat tashi? In fada kaka so, mu tai mu ga sarki."

Kawu bai yi boko ba, amma a maganar nan tasa ya faɗi yadda Bahaushe ya ɗauki fada. A wurinmu fada mutane ce: sarki a zaune, hakimai sun jeru, dogarai na tsawa, mai ƙara ya durƙusa, maroƙi na aikinsa a waje. In ka kwashe waɗannan, abin da ya rage soro ne da zaure. Shi ya sa yakan ba mutanenmu mamaki su ji wai a Turai mutum zai biya kuɗi, ya bi layi, don kawai ya leƙa gadon sarkin da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce. To amma ga shi a tsakiyar birnin Kano, jifa kaɗan daga Ƙofar Kudu, akwai gidan da sarki ya zauna ya tashi, kuma yau shekara sittin da ɗoriya ke nan baƙi na shiga kallonsa.

Labarin gidan ya faro daga Muhammadu Rumfa. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya sa mulkin Rumfa tsakanin 1463 da 1499. Ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Abin da Kanawa suka gada a baki shi ne, tun Rumfa yana saurayi aka naɗa shi Makama, aka gina masa wannan gida a zamanin kakansa, galibi ma akan ambaci shekarar 1442. Da sarauta ta faɗo kansa bai tashi nan take ba. A nan ya ci gaba da zama yana fadanci, har aka gama masa sabuwar fada a gefe, wajen 1480, wadda har gobe sunansa take amsawa: Gidan Rumfa. Ke nan Gidan Makama ya girmi fadar da Sarkin Kano yake ciki yau.

Rumfa ba ƙaramin sarki ba ne, kuma duk wanda zai fahimci dalilin da ya sa aka damu da gidan da ya kwana a ciki sai ya san abin da ya bari. Shi ya faɗaɗa ganuwar da Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Shi ya tsara majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa aka fara busa kakaki, aka fara fifita sarki da figini na gashin jimina, aka fara jan dawakin zage a bayansa. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili, malamin Tilimsan, ya sauka Kano wajen 1492, ya rubuta masa littafin nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Yawancin abin da baƙo yake gani a hawan Sallah yau ya buɗe baki, in ka bi sawunsa, ga mutumin nan zai kai ka. Ina iya cewa Rumfa ne ya fara gane cewa sarauta tana bukatar a gan ta, kuma ya yi mata kayan da za a kalla.

Bayan ya tashi, gidan ya koma hannun masu sarautar Makama, suna gadonsa ɗaya bayan ɗaya. Shekaru ɗari uku suka shuɗe a haka, Kano ta yi yaƙi da Katsina, ta sha hare-haren Kwararrafa, gidan na nan. Da jihadi ya zo aka kori Sarki Alwali wajen 1807, sai sarautun Haɓe suka shiga wani hali. Sulaimanu, sarkin Fulani na farko, bai yi gaggawar shiga Gidan Rumfa ba, domin a idon masu jihadi gidan yana ɗauke da ƙamshin mulkin da suka yaƙa. Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, shi ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya farfaɗo da tsofaffin sarautu da kayansu, don ya ga ƙasar ba za ta riƙu ba sai da su. Sarautar Makama ta zauna a gidan Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, masu riƙe da Wudil, kuma Makama na cikin masu zaɓen sarki. Da Dabo bai yi wannan dabara ba, da wataƙila sunan Makama ya mutu, gidan ya bi shi.

Baƙi kuwa sun daɗe suna zuwa Kano kallo tun kafin a san wani abu wai shi gidan tarihi. Clapperton ya shigo a 1824, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851 ya gaida Sarki Usman a fada, ya koma ya rubuta yadda soron da aka karɓe shi ya burge shi. Sai dai su ma ɗin, irin ta kawu suka yi: sarki suka je gani, soron a kan hanya suka gan shi.

Sai 1903. A nan ne labarin gidan ya ratso ta ƙasarmu, kuma ban sani ba sai ranar da na tsaya a cikinsa.

A farkon shekarar, Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawaki masu yawa, don mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙaƙen fata sama da 700, da igwa da bindigogi masu ruwan harsashi. Suka fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu suka iso ganuwar Kano, suka shiga ta Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu, bawan sarki da aka bar wa tsaron gari, ya ja daga a fada har aka kashe shi. Labari ya iske Alu a hanyar dawowa, a ƙasar Zamfara. Da dare ya sulale ya bar rundunar, daga baya aka kama shi a Gobir, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Rundunar ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wasu suka nufi Kano don a yi sulhu. Waziri Ahmadu ya ce shi ba zai miƙa wuya ba. A ƙarshen Fabrairu, a gindin duwatsun Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta yau, mahayansa suka yi karo da wani ƙaramin hafsa mai suna Wright da sojojinsa 44. Sojojin suka yi sahu huɗu suka ba juna baya, dawaki suka yi ta kai sukuwa, harsashi na zubar da su. A nan Waziri ya faɗi, shi ya sa Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Shi kuwa Wright, Ingila ta ba shi lambar jarumta mafi girma da take bai wa soja. A watan Afrilu Gwamna Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano.

Sau nawa na wuce ta gindin dutsen nan a mota, ina kallon mata masu tallar gyaɗa da rake, ban san a nan aka ƙare yaƙin Kano ba? Sai da na je Kano aka gaya mini abin da ya faru a bayan gidanmu.

Turawa da suka ci gari suna bukatar wurin zama da wurin aiki kusa da fada, sai suka sauka a Gidan Makama suka mai da shi ofis na ɗan lokaci, kafin su koma bayan ganuwa, Nasarawa da Bompai. Daga nan gidan bai sake zama abu ɗaya ba. A hankali aka raba shi uku: sashe ya ci gaba da zama na Makama, sashe ya zama makaranta, sashe kuma shi ne ya zama gidan tarihi daga baya. Makarantar ma ba ta wasa ba ce. Cikin yaran da suka zauna a azuzuwanta akwai Murtala Muhammed, wanda ya mulki Nijeriya daga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976, mai hoto a jikin naira ashirin. Gidan da aka gina wa ɗan sarki ya koyi mulki, bayan shekara ɗari biyar ya koya wa wani shugaban karatu.

Yadda aka yi ya zama wurin kallo kuwa, wannan tunani ne da ya zo daga waje, kuma gara a faɗi haka. Wani malamin zane Bature, Kenneth Murray, shi ya dame gwamnatin mulkin mallaka da maganar kayan tarihi da ake sacewa ko gara ke cinyewa, har aka kafa sashen kula da su a 1943. Aka buɗe gidan tarihi a Esie a 1945, Bernard Fagg ya buɗe na Jos a 1952, aka yi dokar kare kayan tarihi a 1953, na Legas ya biyo a 1957. A 1959, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, aka sa Gidan Makama cikin gine-ginen da dokar ƙasa ta kare, aka gyara sashen da ya tsufa, ya buɗe ƙofarsa ga jama'a daf da samun 'yancin kai. Tun 1979 yana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Lokacin ya dace da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, zuwa shekarun 1950 filin jirgin Kano ya zama zango tsakanin Turai da kudancin Afirka, baƙi na sauka suna son a zaga da su birni. Ana kai su Dala, a kai su marinar Ƙofar Mata, a kai su Kurmi. Fada kuwa ba a shiga da ka, saboda gidan mutum ne da iyalinsa. Gidan Makama ya zama inda baƙo zai ga cikin gidan sarauta ba tare da ya keta wa kowa haddi ba.

In ka duba yadda abin ya faru a can inda aka faro shi, za ka ga maganar kawu tana nan daram. Fadar Bersai da ke kusa da Faris, Luwi na 14 ya mai da ita mazaunin mulki a 1682. A Oktoban 1789 talakawa suka taso daga Faris suka tasa ƙeyar Luwi na 16 da iyalinsa, a 1793 aka sare masa kai, aka yi gwanjon kujeru da gadaje. Gidan ya zauna kusan fanko har 1837, lokacin da Sarki Luwi Filib ya mai da shi gidan tarihin Faransa. Yau kusan mutum miliyan 8 ke shiga a shekara. Fadar Tofkafi ta sarakunan Santambul ta zama gidan tarihi a 1924, shekarar da aka soke halifancin Usmaniyya. Ko fadar Bakingham ta Landan, wadda masu ita ke nan da ransu, ba a buɗe ta ga masu biyan kuɗi ba sai 1993, bayan gobarar da ta ci fadar Winsa a Nuwamban 1992 aka rasa kuɗin gyara. Kuma a wane lokaci ake buɗewa? Da bazararsu, sa'ad da masu gidan suka tafi hutu Sikotilan. Ko'ina dai sai mai gida ya tashi, ko an tashe shi, sannan 'yan kallo ke shiga. Bambancin Kano shi ne ba a kori kowa ba. Rumfa da ƙafarsa ya fita, don ya gina wanda ya fi shi.

To, kawu dai ya yarda muka shiga, yana gunaguni. Abin da ya fara kama ni sanyi ne. A waje rana na dukan ƙeya, ƙarar babura da hayaƙi, amma da muka sa ƙafa a zaure sai ka ce an zuba mana ruwan randa. Kaurin bangon ya kai mutum ya kwanta a kansa. Na ɗaga kai na ga bakan gizo sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiya, azara a jere a tsakaninsu kamar haƙarƙari, an shirya ta sara-sara. Kawu, wanda ubansa magini ne, ya yi shiru. Ya matsa ya shafa bangon da tafin hannu, ya kai hanci, ya ce da mai yi mana jagora, "Malam, wanga makuba ta?" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, ashe kai ne za ka zaga da mu." Daga nan gunaguni ya ƙare. Shi ya riƙa nuna mini yadda ake ɗaure azarar giginya a tanƙwara ta kaɗan-kaɗan har ta zama baka, da dalilin da ya sa gara ba ta cin ta, da yadda ake jera tubali mai kan ƙwai a tsaye a cike tsakaninsa da ƙasa.

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne, kana fita wannan kana faɗawa wancan ta ƙananan ƙofofi da sai ka sunkuya. Akwai inda aka ba da labarin Dala da Barbushe da zuwan Bagauda, akwai na jihadi, akwai na basasar Tukur da Yusufawa ta 1893 zuwa 1895, da hotunan sarakuna da 'yan siyasar ƙarni na 20. Akwai sulke da kwalkwali da lifidi, alluna da tawada, kayan saƙa da na noma, kalangu da kakaki da algaita, har da ɗakin amarya da jerenta. Amma inda muka daɗe shi ne gaban ƙyauren Ƙofar Kabuga. Baƙi ne ƙirin, an yi masa ɗamara da faifan ƙarfe an buga ƙusoshi masu manyan kawuna, irin aikin maƙeran da ba su san awo da inci ba sai da ido. Mai jagora ya ce ta nan Nasara suka shigo. Ya kawo labarin Alu da Waziri, ya ce, "aka kashe shi a wani gari wai shi Kwatarkwashi, can ƙasar Zamfara." Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Wai shi? Jiya da hantsi muka wuto ta nan." Har muka koma gida bai daina ba da labarin nan ba.

Akwai tambayar da masu ilimi kan yi, kuma tana da kyau: shin bangon da muka shafa shi ne wanda Rumfa ya jingina da shi? Wanda ya san ginin ƙasa ba zai yi wannan rantsuwa ba. Ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa yake. Damina ta zo ta lashe yaɓe, indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi, zanko ya karye, azara ta gaji a zare ta a sa wata. In rani ya yi a kwaɓa ƙasa a sake yaɓewa, a shafe da makuba, a bi rufi da laso. A shekara ɗari biyar, Allah kaɗai ya san sau nawa aka taɓa kowane soro. Abin da ya tsufa a Gidan Makama shi ne wurin, da tsarin zaure da soraye da tsakar gida, da kuma sanin da ke hannun magina, wanda ɗa ke karɓa daga uba. Bature na iya kulle fadarsa ta dutse shekara arba'in ya dawo ya same ta tsaye. Mu in muka kulle namu damina uku, sai mu dawo mu tarar da tudu da tumfafiya a kai.

Wannan shi ne sirrin daɗewar gidan, a ganina. Bai taɓa zama babu mai shiga ba. Da ya daina zama fada ya zama gidan hakimi, da Turawa suka zo ya zama ofis, ya zama makaranta, ya zama gidan kallo. Kowane zamani ya samu wanda zai ga tsaga a bango ya kira magini. Dubi ganuwar Kano da ke kewaye da shi, wadda tun 2007 take jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su: ba mai kwana a cikinta, sai aka yi ta ɗibar ƙasarta ana gini, aka rushe wasu ƙofofin don faɗaɗa titi aka mayar da su da siminti. Ɗan makarantar da aka kawo a motar haya ya biya 'yan kuɗin shiga, yana ihu a tsakar gida malaminsa na tsawata masa, bai san shi ne ke riƙe da bangon ba.

Gidan Rumfa kuwa yana nan a matsayin da kawu ya sani. Fili ne mai faɗin eka 33, da ɗaruruwan mutane a ciki, kuma babban abin kallonsa shi ne ranar da sarki ya fito. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga hakimai na kawo jahi ƙura ta tashi, bindigogin gargajiya na tashi, ya san babu ɗakin nuni da zai ba shi wannan. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Sai dai fada mai rai tana tare da rigimar masu rai. A daidai wannan tsakani, saboda takaddamar sarautar da ta biyo bayan sauke Sarki Aminu Ado Bayero da mayar da Sarki Muhammadu Sanusi na biyu a Mayun 2024, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar 2024 da kuma sallolin 2025. Baƙon da ya yi tanadin shekara don ya ga dawaki, sai dai ya ga sulke da lifidi a Gidan Makama.

Ba Kano kaɗai ta yi wannan ba. Mu da muke yamma, Argungu ta fi kusa da mu a al'ada. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka gina a ƙarni na 19 ta yi aiki har 1942, da aka gina sabuwa. Maimakon a bar ta ta zube, a 1958 aka buɗe ta da sunan Gidan Tarihin Kanta, aka tara masu da takubba da tambura da kayan su. A can ake binne sarakunan Kabi, saboda haka gidan bai rabu da masu shi ba ko da sun tashi. Duk wanda ya je bikin kamun kifi yakan biya ta nan. A Kumasi ma, gidan da Turawa suka gina wa Sarkin Asante Prempeh a 1925 bayan dawowarsa daga gudun hijira, magadansa sun mai da shi gidan tarihi a 1995, sarki na zaune a sabon gida a gefe.

Yanzu mu dawo gida. Ina Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a zamanin Babari, wajen 1762? Ina Alƙalawa, fadar Bawa Jan Gwarzo da Yunfa, wadda ta faɗi a 1808? Kufai ne. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, garin malamai da ɗalibai ke zuwa daga nesa kafin Muhammadu Bello ya ci ta a farkon jihadi, yaro nawa ne a makarantun Gusau zai iya nuna maka inda take? Mu nan Wonaka muna da kabarin Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, kakan Sarakunan Katsinan Gusau. Muna da dutsen Kwatarkwashi da filin da Waziri Ahmadu ya faɗi. Tarihi bai yi mana rowa ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne al'adar barin tsohon gini a tsaye in an samu kuɗin sabo. Sarki ko hakimi ya samu hali, abu na farko a kawo katafila a ture zauren kakanni, a zuba bulo da tayil da gilashi mai duhu, a sa na'urar sanyaya ɗaki don ta yi aikin da bangon ƙasa yake yi kyauta. Ba na zargin kowa da son sabon gida, Rumfa ma ya so. Amma shi da ya gina sabo bai rushe tsohon ba.

Na san za a ce wa ke ta yawon kallo a Zamfara yanzu, alhali hanyar Gusau zuwa Funtuwa ma sai da addu'a ake bin ta. Gaskiya ne. Mun ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, mun ga yadda gidan da mai shi ya tashi yake komawa bayan damina biyu: rufi ya rufta, rumbu ya kife, ba ka gane inda turaka take. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa maganar ba ta jiran sai an samu lafiya. Tsofaffin da suka san wane soro ne na wane sarki suna tafiya, maginan da suka iya ɗaurin guga sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu sun koma buga bulo.

Roƙona ga masu martaba Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu da Sarkin Kwatarkwashi, Allah ya ja zamaninsu, da hakimansu har zuwa kan namu na Wonaka: duk inda tsohon zaure ya rage a gidan sarauta, a bar shi. A yaɓe shi kafin ruwa ya sauka, a tara tambari da takobi da tsohon sirdi da wasiƙun ajami a ciki, a sa dattijo ɗaya mai baki ya zauna a ƙofa, a gaya wa shugabannin makarantu su riƙa kawo yara. Ba sai an jira Abuja ba, kuɗin bai kai na mota ɗaya ba.

Kai kuma mai karatu, in sari ya kai ka Kwari, daga can zuwa Gidan Makama 'yar tafiya ce a A Daidaita Sahu. Ka tafi da yaron da ke riƙe maka jaka, ka ce a nuna muku ƙyauren Kabuga.